Sai Kaza Ta Ƙyanƙyashe

Yanzu a layinmu na Anguwan Rogo, a nan Jos, in ba zakaran gidana ne ya yi cara ba, to ba wanda zai yi. Na sha kasa kunne da sassafe, ba abin da nake ji sai janareta da hon ɗin 'yan keke. Kowa ya shafe tsakar gidansa da siminti, wasu har da tayil mai santsi, ko tafin ƙasa da kaza za ta tona babu. Masu cewa suna kiwo kuma, je ka ga kiwon. A sayo 'yan tsaki a kwali daga kasuwar Taminus, waɗanda ba su san ɗumin uwa ba sai na ƙwan lantarki, a cusa su a keji, a yi ta ɗura musu abinci da magani, sati shida a yanka. Kazar da ko tsayuwa da ƙafarta ba ta iya yi, nama lagwaf kamar auduga. Jikokina in sun zo sai su toshe hanci, wai, "Kaka, gidanki warin kashin kaji yake." Nakan ce, to ku koma naku mai ƙamshi, wa ya aiko ku? Su yi dariya, ni ma in yi, amma da gaske nake. Ba su san cewa ba don kajin nan ba, da ba su da gidan da za su zo su toshe hanci a cikinsa.

A zamanin Inna, mahaifiyata, ba ka shiga gidan nan sai kana duba inda za ka sa ƙafa. Kaji iri-iri: ga wake-wake, ga baƙaƙe, ga jajaye, ga fingi mai gashi a hargitse kamar wadda ta fito daga dambe, ga masu wuya tsirara, ga 'yan durgu masu gajerun ƙafafu da ke tafiya ciki na sharar ƙasa. Ga zabbi, masu kwarmaton da ko kyanwa ce ta gifta kan katanga sai unguwa ta sani. Ga talotalo guda biyu, namijin mugu ne, ya tsani jan zane. Inna ba ta yarda da kiwon iri ɗaya ba. Takan ce in ciwo ya shigo ya tarar da su duk iri ɗaya, rana ɗaya zai share su, amma in a cakuɗe suke sai ya ɗauki wasu ya bar mata wasu. Mu kuwa aikin a kanmu yake ƙarewa. Da an idar da sallar asuba a buɗe akurki, a share, a barbaɗa toka saboda ƙuma. A watsa wa manya tsaki, a dama wa ƙanana dusa. A jiƙa ɓawon maɗaci da jan barkono a kaskon ruwansu. A je bayan gida a ɗaga tukunyar da aka kife jiya da busasshen kashin shanu a cikinta, a kaɗe musu garar da ta taru, ka ga 'yan tsaki suna rububi har da faɗuwa. Da hantsi kuma ido na sama saboda shaho, ko da yake Inna takan tsoma 'yan tsakinta a galura su fito shuɗɗa, wai shaho ya ruɗe. Ni dai na ga ya ruɗe wani lokaci, na kuma ga ya ɗauki shuɗin ya tafi da shi.

Abin da Inna ta fi kowa iyawa shi ne lissafin kwanci. Zabuwa ba uwa ba ce, takan watsar da ƙwanta a ko'ina, don haka kaza ake sa wa. To ƙwan kaza kwana ashirin da ɗaya ne, na zabo kusan ashirin da takwas, na agwagwa kuwa talatin da biyar cif. In za ki haɗa na zabo da na kaza a gurbi ɗaya, sai ki riga sa na zabon da sati guda, don su fashe tare. In kika yi gangancin sa su rana ɗaya, da 'yan tsakin kaza sun fito uwar za ta tashi ta bi su, ta bar miki sauran su huce. Wannan lissafin duk macen da ke layinmu ta san shi. Maza kuwa, sati uku kawai suka sani, shi ma don sun ji ana faɗa.

Lokacin da nake ba da labari, aurena na fari ya mutu, na dawo gida ina zawarci, da sauran ƙarfina da bakina. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Gidan yana hannun Yaya, babban wanmu, mai shagon atamfa a babbar kasuwar Taminus, shi da matarsa da 'ya'yansa a sashen gaba, ni da Inna a ciki. Sai rikicin farko ya zo. Ba zan tsaya a kansa ba, wanda ya gani ya gani, wanda bai gani ba Allah kada ya nuna masa. Abin da ya biyo baya shi ne gari ya tsage, nan namu, can nasu. Maƙwabtan da muka tashi tare suka kwashe kayansu suka bar layin, wasu kuma suka shigo da ƙunshinsu daga unguwannin da suka gagare su. Ba mu gama farfaɗowa ba, bayan 'yan watanni, kasuwa ta kama da wuta. Yaya ko ƙyallen goge hannu bai fita da shi ba. Mutumin da ba ya zama, sai ga shi a zaure daga safe har la'asar yana juya makullin shagon da babu shi. Wallahi ya ba ni tausayi, har yanzu in na tuna sai in ji wani iri.

Ran nan, farkon damina, ya shigo cikin gida da Baffa, ƙanin mahaifinmu. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar ɗakin Inna. Baffa ya yi gyaran murya ya ce yaron nan ya sami wanda zai sayi gidan, kuma abokinsa ya yi masa hanyar shago a Bauchi. Mai sayen ya ba da wata guda, in an wuce haka akwai wani gidan da aka nuna masa, can zai tafi. Saboda haka a shirya, a koma Bauchi gaba ɗaya.

Inna ta ce, "A koma? Yaushe na zo daga can da zan koma? Ubana a ramin kuza na Naraguta ya tsufa, ni a garin nan na yi rarrafe. Na waje su ce mini baƙuwa, ku ma na gida ku ce mini baƙuwa?"

Yaya bai ɗago kai ba. Ya ce, "Inna, garin nan ya ƙare. Me ya rage mana a ciki?"

Baffa ya ce haƙuri za ta yi, yaro shi ke ɗauke da gidan, takarda a hannunsa take, kuma dangi duk sun ga dacewar abin. Inna ta dube shi, ta dubi ɗanta. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, sai dai "yaron nan". Na san ta gane cewa in ta ce a'a a ranar, da zafin da yake ciki, sayarwa za a yi a kan idonta. Ni har na zaci ta sallama. Ana cikin haka sai ga wata 'yar durgu baƙa ta fito daga akurki, gashi a bubbuɗe, tana ƙuk-ƙuk irin na kazar da kwanci ya kama. Ta sha ruwa a gaggauce ta koma.

Inna ta ce, "To, na ji. Amma kun ga kazar can ta fara kwanci, gobe zan sa mata ƙwai. Ban taɓa tashin kaza daga kan ƙwai ba, ba kuwa zan fara da tsufana ba. A bari sai ta ƙyanƙyashe."

Yaya ya ɗan lissafa a ransa ya ce, "Sati uku ke nan. Na yarda."

Inna ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Cewa ta yi, "Ka yarda a gaban baffanka? Sai ta ƙyanƙyashe?"

Ya ce, "Sai ta ƙyanƙyashe, Allah shaida."

Washegari da hantsi ta kira ni ɗaki, ta miƙo mini tasa mai murfi da wani saurayin zakara ja, ƙafa a ɗaure. Ta ce, "Auta, Naraguta za ki, wurin Mama. Ki ba ta wannan, ki ce ina son ƙwan agwagwa shida, sabbi, waɗanda ba a hau ba."

Na ce, "Inna, agwagwa?"

Ta ce, "Kurma ce ke?"

Sai da na ɗan tsaya kafin abin ya faɗo mini. Talatin da biyar! Mai saye ya ba da talatin. Na toshe baki da gefen hijabi ina dariya, ita ko murmushi ba ta yi ba. Dariyar ba ta daɗe ba, don na tuna inda aka aike ni. Mama ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata suna wankin kuza a rafi ɗaya. Kirista ce, 'yar asalin wajen, tana da agwagi a bakin wani tsohon ramin haƙa da ya zama tafki. Duk shekara sukan yi musayar zakara don kada irin kajinsu ya lalace. Amma tun rikicin ba wanda ya taka can daga layinmu. Na ce ko in cire hijabin in yafa gyale, kada in ja ido. Inna ta ce, "Yadda kike za ki je. Sata aka aike ki?"

Ɗan acaɓa ya kai ni gaba da jami'a kaɗan ya taka birki. Ya ce, "Hajiya, iyakata ke nan." Na sauka na kama hanya da ƙafa, zakara a hammata, ta tsakanin gonakin kabeji da dankali. Duk wanda na wuce sai ya dakata da noma ya bi ni da kallo. Ina yi musu sannu da aiki, wani ya amsa, wani ya yi shiru. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba, har zakaran ma na ji haushinsa da yake ta ƙoƙarin cara. Da na hango ruwan tafkin, kore shar, da agwagi a bakinsa suna huci, sai na ga Mama tsugune tana wanke acca. Ta ɗago ta dube ni, ta saki ƙwaryar.

Ita Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne. Ta ce, "Yarinya na! Kai ne? Ka zo nan da ƙafa? Uwarka yana da rai?"

Na ce tana nan lafiya. Ta rungume ni da jiƙaƙƙen hannu tana kuka tana godiya ga Allah. Da na faɗi saƙon ta ce me Inna za ta yi da ƙwan agwagwa, ita da kullum take cewa agwagwa ƙazama ce? Na kwashe labari na gaya mata. Mama ta zauna a kan dutse ta yi ta dariya har da buga cinya. Ta ce, "Wannan uwarka! Tun muna yara haka yake, ko oga na kuza bai iya da shi ba." Ta shiga ta zaɓo shida, manya, masu santsi kamar an shafa musu mai, ta jera su a tasa cikin ƙaiƙayin acca. Ta ce kada a wanke su, kada in hau acaɓa, girgiza kashe su take yi, da ƙafa zan koma. Ita ta ɗauko tasar da kanta, ta sa ni a gaba, ta ratsa da ni gonakin nan tana amsa gaisuwa da ƙarfi don kowa ya ga tare muke. Sai a bakin titi ta miƙo mini. Ta ce, "Ka gaya wa uwarka, in ya bar Jos ban yafe ba." Na iso gida bayan azahar, ƙafa duk ta yi bororo.

Daga ranar aiki ya koma kan 'yar durgu. Kaza ba a halicce ta don zaman sati biyar ba, dole sai an taimake ta. Inna ta yi mata gurbi a cikin fasasshiyar tukunya a kusurwar akurki, ta shimfiɗa ganyen taba a ƙasa saboda ƙwarƙwata. Kowane ƙwai ta ja masa layi da gawayi a gefe ɗaya, don sun yi wa kazar girma, ba ta iya juya su, mu ne za mu juya safe da yamma. Da hantsi in ɗaga ta, tana saran hannuna, in kai ta gaban tsaki da gara, ta ci, ta sha, ta yi birgima a toka. Kafin ta dawo Inna ta yayyafa wa ƙwan ruwan ɗumi da yatsu, saboda uwarsu ta gaskiya da jiƙaƙƙen ciki take dawowa daga tafki. Yau ka gaya wa masu injin ƙyanƙyasa wannan su ce ƙauyanci ne. Su injinsu in wuta ta ɗauke shi ke nan, an yi asara, mu kuwa tamu da hatsi take aiki. Yaya yana can yana ɗaure kaya a buhu, matarsa na wanke tukwane tana jerawa a kwali. Ni ma an ce in haɗa nawa, na haɗa, na ajiye jakar a bayan ƙofa.

Sati uku ya cika, shiru. Aka ƙara kwana biyu. Yaya ya shigo ya ce, "Inna, kazar nan fa? Ko ƙwan ya lalace ne?"

Ta ce, "Ga ta can, je ka tambaye ta."

Ya durƙusa ya shiga akurki, abin da rabonsa da yi tun yana ɗan firamare. Muka ji kazar ta yi ƙara, shi ma ya yi. Ya fito da ƙwai ɗaya a tafin hannu, kashin kaji a gwiwar wandonsa, fuska ta haɗe.

"Inna, wannan ai ƙwan agwagwa ne!"

Ta ce, "Na ce maka na kaza ne? Mayar mata kada ya huce."

"Kwana nawa yake yi?"

"Talatin da biyar."

Ya tsaya yana dubanta. Na zaci zai fyaɗa shi da ƙasa, har na runtse ido. Ya ce, "Kin yi mini wayo. Ni da sati uku na yarda."

Ta ce, "Kai ka ce sati uku. Ni cewa na yi sai ta ƙyanƙyashe, ka maimaita da bakinka, ka sa Allah a ciki. In kana son ka warware, ga hanyar gidan baffanka nan."

Ya juyo kaina ya ce, "Har da ke, ko?" Na sunkuyar da kai, amma ban ji kunya ba ko kaɗan. Ya koma ya mayar da ƙwan. Da ya fito ya ce, "To shi ke nan. Amma ku ji, kaza ba ta kai wannan kwanakin. Ranar da ta tashi ta bar su, alkawari ya ƙare, a ranar zan kira mai saye." Inna ta ce ta yarda.

Gaskiyarsa ce kuwa, kaza takan gaji. Daga sati na huɗu 'yar durgu ta rame, in na ɗaga ta sai in ji ƙashin ƙirjinta kamar wuƙa, tukkunta ya koɗe. In ta fito cin abinci sai ta tsaya tana kallon sauran kaji suna tono, ta yi jim, mu ma mu yi jim, kafin ta ja ƙafa ta koma. Inna ta shiga dafa mata ƙwai tana marmasawa da gero, tana ba ta a tafin hannu, tana yi mata magana ƙasa-ƙasa yadda ba ta taɓa yi mini ba. Na ce, "Inna, ni da na je Naraguta da ƙafa ko sannu ban samu ba." Ta ce, "Ke kin taɓa zama wuri ɗaya na awa guda?"

Ana gobe wa'adin mai saye zai cika, da la'asar hadari ya haɗo ta wajen duwatsu, baƙi ƙirin. Wanda ya san Jos ya san ruwan farkon damina ba ya zuwa shi kaɗai. Kafin mu kwashe shanya sai ƙanƙara, ƙwara-ƙwara, tana dukan kwanon akurki kamar ana ruwan tsakuwa. Zabbi suka ɓarke da ihu, talotalo ya ruɗe ya afka cikin akurkin, sai ga 'yar durgu ta yo waje a guje, fiffike a buɗe. Inna ta ce, "Auta, ƙwan!" Na faɗa ciki na kwashe su shida na zuba a cikin rigata, a jikin fatar cikina, na dunƙule a kusurwa ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ta ƙofar akurki ina hangen Inna, tsohuwa, ba ɗankwali, ƙanƙara na dukan kanta, tana bin kaza tana zamewa a taɓo. Kazar ta zagaya randa, ta bi ta ƙarƙashin turmi, ta miƙe sai zaure. Ƙofar waje a buɗe take. Yaya kuma yana tsaye a bakinta, ya fito kallon ruwa.

Abin da zai yi kawai shi ne ya matsa gefe. Ko matsawa ma ba sai ya yi ba, ya tsaya yadda yake, ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa ta faɗa layi, kafin a kamo ta cikin wannan ruwa ta manta da wani ƙwai. Ba mai cewa ya yi laifi. Inna ta tsaya cak a tsakar gida, ba ta kira shi ba, ba ta roƙe shi ba. Ni kuwa na ce a raina, shi ke nan, mun zama 'yan Bauchi.

Sai na ga ya kai ƙafa ya tura ƙofar ta rufe. Ya sunkuya ya cafke kazar da hannu biyu, ya cusa ta cikin rigarsa, ya ratso ƙanƙarar nan har gaban Inna. Ya miƙa mata ya ce, "Ga kazarki." Da faɗa ya faɗe shi, kamar mai zagi. Ya juya ya shige sashensa ya bugo ƙofa.

Muka busar da ita a bakin murhu, muka mayar da ƙwan, muka ɗora ta muka kifa kwando a kai. Ta tsaya tsaye a kansu, tana rawar sanyi, ta ƙi zama. Ni da Inna muna tsugune muna leƙe ta ramukan kwandon. Har aka kira magariba tana tsaye. Can sai ta sa baki ta jawo ɗaya ƙarƙashinta, ta jawo wani, ta girgiza jiki ta lafe. Inna ta sauke numfashi ta ce, "Tashi mu yi salla." Washegari mai saye ya aiko, Yaya ya fita ya same shi a waje. Ban san me ya gaya masa ba, mutumin dai bai sake dawowa ba.

A kwana na talatin da biyar suka fara tsaga ɓawo, kashegari biyar suka fito, rawaya da baƙi, baki fale-fale. Ɗaya ya zama baragurbi. 'Yar durgu ta fito da su tana tangaɗi, da suka ga kaskon ruwa suka faɗa ciki gaba ɗaya, ita kuma tana zagayawa tana ihu. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Na zaci an gama, kowa zai kwance kayansa.

Ashe ba a gama ba. Bayan kwana uku motar kaya ta tsaya a ƙofar gida. Yaya ya shigo da takardar gidan a cikin leda, ya durƙusa ya ajiye a kan tabarmar Inna. Ya ce, "Ta ƙyanƙyashe, Inna. Zan iya nemo wani mai sayen, amma ba zan nema ba. Ga gidanki. Ni dai ba zan iya zama ba, in na bi ta Taminus ƙauri nake ji. Ki zo mu tafi, a rufe gidan."

Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, ya ba ka sa'a. Ni ina nan."

Ya juyo ya ce, "Auta, ɗauko jakarki."

Tunda nake ban taɓa yi wa Yaya musu ba. Shi ya aurar da ni, shi ya je ya ɗauko ni da auren ya ƙi. Na shiga na ɗauko jakar daga bayan ƙofa, na fito da ita tsakar gida, na zuge, na zazzage kayan a kan igiyar shanya. Na ce, "Yaya, ka yafe mini. Ba inda za ni." Ya juya ya fita. Yaransa suka zo suka yi wa Inna sallama, ta shafa kansu ɗaya bayan ɗaya da busasshen ido. Sai da ƙarar motar ta ɓace ta shiga ɗaki ta saki labule, na ji kukan da ban taɓa ji daga bakinta ba. Ta tsira da gidanta, amma ɗanta na fari ya tafi, kuma ta san da hannunta a ciki. Da ta fito ban ga alamar nadama a fuskarta ba, ban kuma taɓa gani ba har ta koma ga Allah.

Rikici ya sake zuwa, ba sau ɗaya ba. Duk lokacin da aka fara, Yaya zai bugo waya ya ce mu taho, ga mota zai turo. Inna ta ce in gaya masa muna gaisuwa. Na sake aure a nan unguwar, da sharaɗin ba zan yi nisa da ita ba, daga baya ma muka dawo cikin gidan da mijin da 'ya'yan. Yaya yakan zo da salla, ya gaishe ta, ya juya a ranar. Bai ƙara kwana a Jos ba sai da ta rasu.

A ɗakinta ta cika, da rana tsaka, aka fitar da ita ta zauren nan. Kwana uku gidan bai ɗauki mutane ba. Matan layi, tsofaffin da suka yi wankin kuza tare, waɗanda ta taɓa ba kaza kiwo, waɗanda suka bar unguwar tun rikicin farko suka yi ƙarfin hali suka shigo da zannuwansu na coci, har aka shimfiɗa tabarmi a titi. Yaya yana zaure yana karɓar gaisuwa har muryarsa ta dushe. Ranar uku da yamma, da aka watse, ya shigo ya tsaya a tsakar gida, furfura ta cika masa gemu, yana kallon tarin takalman da aka manta. Ya ce, "Auta, ashe haka Inna take da jama'a. Da an sayar da gidan nan, ina za mu zauna makokinta?"

Na so in yi masa sauƙi, ranar ba ranar faɗa ba ce. Amma ni 'yar Inna ce, bakin ya riga ni. Na ce, "A Bauchi mana, Yaya. Ni da kai da matarka."

Ya share fuska da hularsa, ya ce in sa a share masa ɗakinsa na da, zai ƙara kwana biyu.